Gurbi Na Tara: Yadda Sabuwar Manhaja Ta Iso Makarantarmu

A makon farko na komawa makaranta, cikin watan Satumba na shekarar 2011, na taso daga gidana a Limawa da sassafe, gero ya fitar da kai a gonakin da ke gindin duwatsu, ba ni da wata damuwa face yadda zan raba littattafan adabi ƙalilan ga ɗalibai masu yawa. Shekaruna sun yi nisa ina koyar da Hausa a wata babbar sakandare ta gwamnati a yankin Dutse, kuma ban taɓa tunanin akwai ranar da zan nemi ɗalibi in rasa ba. Tun da aka kafa tsarin 6-3-3-4, manufar ilimi ta ƙasa ta sanya ɗaya daga cikin manyan harsunan Nijeriya uku, Hausa ko Ibo ko Yarabanci, cikin darussan da suka wajaba a kan ɗan babbar sakandare. Mu malaman Hausa a wannan inuwa muka daɗe muna zaune.

Da hantsi shugaban makaranta ya tara mu a ɗakin malamai, ya ɗaga wani kundi ya ce sabuwar manhajar babbar sakandare ce da hukumar NERDC ta tsara, kuma da 'yan aji ɗaya na bana za a fara. Ya karanto mana abin da ya zama dole ga kowane ɗalibi: Turanci, Lissafi, Ilimin Zama Ɗan Ƙasa, darasin kwamfuta, da sana'a guda da za a zaɓa daga cikin 34. Sauran darussa an kasa su rukuni huɗu: kimiyya da lissafi, ƙere-ƙere, kasuwanci, sai rukunin da ya tattara harsuna da adabi da addini da tarihi. A wannan na ƙarshe na tsinci Hausa, cikin jerin abubuwan da ɗalibi ke da ikon ɗauka ko bari. Babu wanda ya ce an rage mata daraja. Wuri kawai aka sauya mata a takarda, ni ma ban farga da nauyin abin ba sai daga baya.

Dole in faɗi gaskiya, manufar gyaran ba ta da aibu. Duk wanda ya ga samarin da suka gama sakandare suna zaman majalisa ba aikin yi, ya san akwai hikima a ce yaro ya fita da sana'a a hannu. Sai dai abin da na koya shi ne, manhaja ba ta shiga makaranta da falsafarta. Da jadawali take shiga. Mataimakin shugaba mai kula da harkar karatu shi ne ya baje farin kwali a kan tebur, da fensir da abin gogewa, ya kwana biyu yana neman inda zai cusa sababbin darussa cikin kwanaki biyar, ga shi ranar Juma'a da wuri ake tashi. Duk abin da ya shiga, wani abu ya matsa masa.

Zaɓen sana'a ma haka ya kasance. Jerin ya ƙunshi ɗinki da rini da dukanci da kiwon kifi da gyaran wayar hannu da ɗaukar hoto da sauransu. Ba mu tambayi wace sana'a ce za ta fi amfanar yaran Dutse ba, tambayar da aka yi ita ce: wa ke nan da zai iya koyarwa? Ba mu da keken ɗinki, ba mu da tsayayyar wutar lantarki, amma muna da malamin aikin gona. Nan take aka tsayar da kiwon dabbobi. Da abin da ke hannu aka yi tuwon, ba da abin da ake marmari ba.

Inda abin ya shafe ni kai-tsaye lissafi ne mai sauƙi. Ɗalibi ba ya zana fiye da darussa tara a jarrabawar WAEC ko NECO. Ɗauki yarinya mai son aikin jinya: Turanci da Lissafi da Ilimin Zama Ɗan Ƙasa da sana'a sun cinye huɗu, darussan kimiyya uku da ba makawa sai da su sun kai bakwai. Gurabe biyu suka rage, masu nema kuwa sun haɗa da Aikin Gona da Labarin Ƙasa da Tattalin Arziki da darasin Addinin Musulunci da Hausa. A ƙasarmu, da wuya uba ya yarda ɗansa ya bar darasin addini, kuma ban ga laifinsa ba. Saboda haka Hausa ta koma kokawar gurbi na tara.

Akwai wata yarinya a rukunin farko da wannan manhaja ta hau kansu, waɗanda suka zana jarrabawa a 2014. Ban taɓa samun ɗaliba mai kunnen waƙa irinta ba. Kafin in gama bayanin ƙafiya da amsa-amo ta riga ta kawo misali daga waƙoƙin daɓe da na niƙa da take ji wajen kakarta. Da suka shiga aji biyu aka ce kowa ya tsayar da darussansa, sai ta same ni a gindin darbejiya, ta rusuna ta ce, "Malam, ka yi mini afuwa, an ce in zaɓa tsakanin Hausa da Aikin Gona. Me ka gani?" Na yi shiru. Na san burinta, na kuma san malaman kimiyya sun gaya mata Aikin Gona zai fi tallafa wa sauran darussanta. Na ce, "Ɗauki Aikin Gona, 'yata. Hausa ai a bakinki take, ba za ta guje miki ba."

Wannan jumla ta daɗe tana cina. Ni da na kwashe shekaru ina jayayya da masu cewa Bahaushe ba ya bukatar a koya masa Hausa, ga shi da bakina na maimaita hujjarsu. Hausar da ke bakinta ba za ta koya mata ƙa'idar rubutu ba, ba za ta nuna mata bambancin sautin ƙ da k a takarda ba, balle ta kai ta ga nazarin Magana Jari Ce ko waƙoƙin Aƙilu Aliyu. Ba ita kaɗai ta tafi ba. Ajin da a da sai na tsaya a bakin ƙofa saboda cunkoso, ya koma bencina kaɗan, yawancin masu zama a kansu kuwa waɗanda aka ce ba za su iya kimiyya ba ne. Ba doka ce ta faɗi haka ba, amma yaran sun karanta saƙon: Hausa darasin wanda ya rasa madafa ne.

Abin mamaki ya zo daga ajin kiwo. Wata rana malamin aikin gona ya shigo ɗakin malamai yana huci, ya ce yaran sun faɗi gwaji warwas. Na karɓi takardun na duba. Yaron da ya sami kusan sifiri na san gidansu. Duk shekara shi ke turke ragon layya, shi ke kai shi kasuwar Shuwarin. Ya san lokacin da ake ba dabba harawa da lokacin dusa, ya san amfanin kanwa, ya san akuyar da ta daina tuƙa ba ta da lafiya. Abin da bai sani ba shi ne sunayensu da Turanci. Ana koyar da kiwo a kan allo, ba ko ɗan akuya a makarantar, da harshen da yaran ba su mallaka ba, alhali ilimin yana turke a gidajensu.

Muka yi shawara da shi, ba tare da izinin kowa ba. Kafin ya shiga kowane babi, ni zan sa ɗalibaina su rubuto abin da suka sani game da shi da Hausa, tunda manhajar Hausa ma ta tanadi sana'o'in gargajiya a ɓangaren al'adu. Shi kuma sai ya ɗora kalmomin Turanci a kan abin da suka riga suka faɗa. Ba zan ce mun yi abin a-zo-a-gani ba, amma na ga yaran da ba sa ɗaga hannu sun fara gardama da malami a kan kiwo, wasu 'yan kimiyya kuma suka riƙa leƙowa ajina don a duba musu rubutu. A nan na gane cewa kuskurena shi ne tsayawa gadin gurbi na tara, maimakon in nuna abin da Hausa za ta yi wa sauran takwas ɗin.

Wannan ne dalilin da ya sa na kawo labarin gaban manazarta. Muna taruka a kan makomar Hausa, muna alfahari da yawan masu magana da ita, amma ɗalibin da zai shigo sashen Hausa na jami'a, ko na kwalejin ilimi irin ta Gumel, tun yana ɗan shekara 15 ake yanke hukuncinsa, a kan kwalin mataimakin shugaba. Gyare-gyare kuwa ba su tsaya ba. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a firamare, a watan Nuwamba na 2025 aka sanar da janye wannan manufa. A 2025 ɗin dai aka sake fito da wata manhaja da ta rage yawan darussa, ta mayar da sana'o'i shida kacal, cikinsu har da kiwo da ɗinki da haɗa wutar sola. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai isa makarantun Jigawa ta hanyar da na 2011 ya iso: kundi guda, taron malamai, fensir da abin gogewa. Ina ganin akwai aiki a nan ga masana: a shiga ɗakunan malamai a ga yadda ake yanke waɗannan shawarwari, a kuma samar da ƙananan littattafai da keɓaɓɓun kalmomin sana'o'in nan shida da Hausa, tun kafin malamai su gaji da jira.

Yarinyar nan ta zama ma'aikaciyar jinya, kamar yadda ta so. Kwanakin baya na kai iyalina wani ƙaramin asibiti na tarar da ita. Bayan gaisuwa ta ɗauko wata takarda da ta rubuta wa mata masu juna biyu bayanin shan magani, ta ce, "Malam, don Allah duba mini, ban tabbata na rubuta daidai ba." Bayanin ya fita sarai, sai dai ƙa'idojin rubutu ne suka yi mata gardama. Na zauna a bencin masu jiran layi, na ari alƙalaminta, muka fara daga layin farko.