Baffana Masuncin Tiga

Baffana, ƙanen mahaifina, bai gaji su ba. Gidanmu a ƙasar Kiru gidan manoma ne tun kaka da kakanni, kuma da fartanya ya buɗe ido. Abin da ya sauya masa sana'a shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda gwamnatin Audu Baƙo ta gina a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, a yankin da yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Bebeji. Da ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 170, sai masunta suka riƙa zuwa daga ƙasar Kabi da Haɗeja da jiragensu da komayensu. Baffa yana saurayi a lokacin, ya tafi cirani bakin ruwan, ya kama barantaka wurin wani dattijo Bakabe. Shekara uku ya yi yana kwarfe ruwa daga jirgi yana ɗinke kalli kafin a yarda ya shiga ruwa shi kaɗai.

Wanda bai san su ba yakan ɗauka sa'a ce kurum. Baffa kuwa yakan ce karatu ne, ruwa ne allonsa. Da la'asar yake shimfiɗa kalli ya ɗana mamari, ya koma kafin asuba ya ɗebe abin da Allah ya ba shi. Ya san inda karfasa take taruwa idan ruwa ya hau ciyawa da damina, ya san kwarin da tarwaɗa take lafewa idan hunturu ya kama, ya kuma san wuraren da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suke yaga koma. Idan ya dubi gabas ya ga hadari ya yi wani irin baƙi, ko kifi na tsalle a gabansa ba ya tura jirgi. Har ya bar sana'ar bai taɓa ɗaukar yaron da bai iya iyo ba.

Wahalar da ta fi cin masunci a tudu take. Kifi ba ya jira, kuma babu ƙanƙara a bakin ruwa a wancan zamani, saboda haka dillalin da ya zo daga Kano shi yake yanka farashi. Da yawa daga cikin abokan sana'arsa dillalai ne suke ba su bashin koma, su kuma su sayar musu da kamu a yadda aka ga dama. Baffa ya ƙi wannan. Ya gina wa matarsa, wadda muke kira Inna, murhun banda a bayan gida. Abin da bai samu kuɗin kirki ba sai ta ƙyafe shi, a kai kasuwar Kwanar Dangora. Da ribar bandar nan aka yi wa 'ya'yansa bakwai makaranta, har da mata huɗu, a lokacin da ake yi masa dariya kan haka. Ni ma da mahaifina ya rasu, shi ya ɗauke ni ya haɗa da su, bai taɓa bambanta kwanona da nasu ba.

Abu biyu na ga sun tayar masa da hankali. Na farko shi ne ɓallewar madatsar Bagauda a daminar 1988, wadda ta sa duk wanda ke zaune kusa da Tiga ya kwana da fargaba. Na biyu kuma, wanda ya fi daɗewa a ransa, shi ne shigowar koma mai ƙananan idanu da zuba maganin ƙwari a ruwa. Ya sha kai ƙara wurin Sarkin Ruwa, domin a ganinsa mai kama 'ya'yan kifi gonarsa ta baɗi yake ci. Wannan ya jawo masa gaba da wasu matasa, har aka taɓa yanke masa kalli cikin dare. Washegari ya zauna a gindin mangwaro ya ɗinke abinsa, bai kira sunan kowa ba, ko da yake na tabbata ya san mai aikin.

Bai yi boko ba, amma duk ƙarshen zango sai ya tara mu a karanta masa sakamakon kowa da ƙarfi. Ranar da na samu gurbin karatun koyarwa, tambaya ɗaya ya yi mini: "Ɗana, yaran masunta da ke bakin ruwa, wa zai koyar da su?" Makarantar da ta fi kusa da sansaninsu tafiyar sa'a guda ce a ƙasa, kuma lokacin da ake buga ƙararrawa su suna tsintar kifi daga koma.

Sanyin ruwa ya kama masa gwiwoyi a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a ɗakinsa cikin watan azumi. Babu ɗaya daga cikin 'ya'yansa da ya ɗauki su. Jirgin da komayen, bisa wasiyyarsa, an ba wa jikan dattijon nan Bakabe da ya koya masa sana'a.