Ranar Da Na Ga Dorina Mai Numfashi

Har na gama sakandare, in aka ce dorina ba abin da ke faɗo mini a rai sai bulalar da ke rataye a ofishin malamin ladabtarwa. Ƙannena, na san kun gane. Sai da karatun jami'a ya kai ni Yuganda sannan na yi ido biyu da ita kanta dabbar.

A hutun zango muka haɗa kuɗi mu shida, muka tashi daga Kamfala zuwa gandun dajin Murchison Falls, mafi girma a ƙasar, tafiyar kusan kilomita 300. A Paraa muka shiga jirgin ruwa a kan Kogin Nilu, kowa da rigar ceto. Kafin a tashi, ɗan jagoranmu ya kafa doka: ba mai sa hannu a ruwa, ba kuma mai rugawa gefe guda don ɗaukar hoto.

Ba mu yi nisa ba na hango duwatsu baƙaƙe a tsakiyar ruwa. Sai ɗaya ya kaɗa kunne! Ashe garken dorina ne, ido da hanci kawai a waje. Ɗan jagora ya ce dorina ba ta iyo kamar yadda muke zato, tafiya take yi a ƙasan ruwa, kuma takan yi minti 5 ba ta leƙo ba. Da dare take fitowa kiwo, ciyawa ce abincinta. Wata ta wangame baki, muka kwashe da dariya muna cewa barci take ji. Shi bai yi dariya ba. Ya ce wannan hammar gargaɗi ce, akwai ɗa a bayanta. Matuƙi ya karkata da mu nesa, ni kuwa na ƙara ɗaure igiyar rigata ina salati a zuci, don ko iyo ban iya ba.

Kadoji ba su burge ni ba da farko, suna shanye a gaɓa, baki buɗe don rage zafin jiki, kamar gumagumai. Abokina ya manta da doka, ya sunkuya zai wanke fuska. Tsawar da aka daka masa ta sa wani ƙaton kada ya sulale cikin ruwa, ko ƙara babu. Daga nan hannunsa bai sake barin aljihu ba.

Mun ga giwaye da ɓauna suna shan ruwa, da ƙananan tsuntsaye masu jan wuya da suka huda gangaren gaɓa suka yi sheƙa.

Bayan kamar awa biyu kumfa ta fara rufe ruwa, rugugi ya cika kunne. Nilu ne ke matsewa ta tsagin dutse mai faɗin mita 7, ya faɗo ƙasa mita 43. Samuel Baker ne ya sa masa sunan Murchison a 1864, ko da yake mutanen wurin sun san shi tun kafin zuwan Bature. Na ɗaga waya zan ɗauki hoto, sai na ga ta mutu. Dorina ta cinye cajin.