Abin da Na Koyo a Kwatarkwashi



Ran Asabar da ta wuce na tashi daga Sabon Garin Gusau zuwa gai da gwaggota a Kwatarkwashi, garin nan na gindin dutse a ƙasar Bungudu, bisa hanyar Tsafe. Damina ta yi tsaka, ko'ina kore shar, tafasa ta rufe bakin hanya har gwiwa. Ga mata nan sun duƙa suna tsinka. Kun dai sani, cikin watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa gero kuwa bai nuna ba, kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli ke riƙe gidaje da yawa.

Da isata muka tarad da jikanta a bayan danga, ya ɓare kwanson wani tsiro zai kai 'ya'yan baki. Gwaggo ta yi wuf ta kaɓe hannunsa.

Na ce, "Haba Gwaggo, ai tafasa ce."

Ta ce, "Ke 'yar nan, duk karatun naki? Rai-ɗore ne."

Kunya ta rufe ni, ni da ke koya wa 'yan mata sha'anin tsirrai. Ta tsinko su biyu ta nuna mini. Furensu duka rawaya ne, nan ake ruɗewa. Amma ganyen tafasa bakinsa zagaye yake, shida-shida a sili, kwansonta siriri mai lanƙwasa. Ganyen rai-ɗore kuwa tsini gare shi, in an murza sai wari, kwansonsa ya fi faɗi. Ta ce tun kakanni ana dafa ganyensa don zazzaɓi, amma ba a bar wa yaro 'ya'yansa. Kama da wane ba ta wane.

Likitoci ma sun gaskata ta. A 2007 waɗansu likitocin Indiya suka ba da labarin yara da yawa da suka mutu wajajen Saharanpur bayan cin ɗanyun 'ya'yan rai-ɗore. Dafin yakan taɓa hanta da naman jiki da ƙwaƙwalwa. Yaro ya fara amai, ya galabaita, sa'an nan ya suma.

To, iyaye mata, ku tumɓuke shi daga inda yara ke wasa. In yaro ya ci, kada ku tsaya ba shi jiƙo, ku tafi asibiti nan da nan da reshen a hannu. Ku kuwa 'yan makaranta, kafin ku tsinko ganye, ku nuna wa tsohuwar gidanku.

Allah ya raya mana zuriya, amin.