Damin Zakka da Littafin Lissafi

A nan Ingila kyauta tana da lamba. Duk ƙungiyar agajin da abin da take samu a shekara ya haura fam 5,000 sai ta yi rajista da hukumar kula da ƙungiyoyin jinƙai, wadda aka kafa tun 1853. Manya daga cikinsu kuma su kai lissafin shekara, a ɗora a intanet, kowa ya duba nawa ya shigo, nawa aka kashe. Masallatai da yawa na Birmingham, inda nake zaune, suna da wannan lamba, za ka gan ta a jikin akwatin tara sadaka da ke bakin ƙofa. Tun 1990 ma gwamnati ta shigo ciki: a yau in mai biyan haraji ya ba da fam huɗu ya sa hannu a takarda, ƙungiyar za ta karɓo ƙarin fam ɗaya daga harajin da ya riga ya biya.

Abin ya samo asali daga wata doka ta 1601, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, wadda ta jera ayyukan da ake ƙirgawa a matsayin alheri. A ciki akwai taimakon tsofaffi da gajiyayyu, gyaran gadoji, makarantu, aurar da 'yan mata marasa galihu, har da fansar waɗanda aka kama. Wannan na ƙarshe ya tsaya mini a rai ƙwarai, don duk ɗan arewacin Zamfara ya san yadda ake bi gida-gida yau ana haɗa kuɗin fansa.

A garinmu Ɗan Isa, can Zamfara, ba haka muka tashi muka gani ba. Da kaka, in manomi ya girbe gero da dawa ya ɗaure, kafin a kai rumbu sai ya ƙirga dammuna, kowane goma ya jingine ɗaya gefe. Zakkar Allah ke nan, ushirin abin da ruwan sama ya shayar. Ba ya bukatar a gaya masa inda za ta je. Ya san matar da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar, ya san tsohon da ido ya hana shi noma bana, ya san malamin da almajirai suka yi wa yawa. Sau da yawa sai bayan isha'i ake ɗora wa yaro damin a ka, a ce ya ajiye a zaure ya dawo, kada maƙwabta su gani. Ga fid da kai a ƙarshen azumi, ga gayya in mai gona ya kwanta ciwo, ga ƙwaryar tuwon da ake miƙawa ta saman danga. Wannan tsari yana rufa wa mai karɓa asiri yadda ban ga na Turawa yana yi ba. A nan Ingila galibi mai jin yunwa sai ya samo takardar shaida kafin ya je wurin rabon abinci, ya amsa tambayoyin wanda bai taɓa gani ba. Mutum yana iya ba ƙungiyar agaji ta Oxfam kuɗi kowane wata shekara da shekaru, alhali bai san sunan tsohuwar da ke kwana ita kaɗai a gidan da ke jikin nasa ba.

Sai dai namu tsarin ya dogara da abu guda: mai bayarwa da mai karɓa su zauna gari ɗaya, kuma gonar ta nomu. Abin da 'yan bindiga suka rushe ke nan. A ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da na kewayen Kaura, wanda jiya yake fid da dami goma yau shi ne ɗan gudun hijira a kangon makaranta, wasu kuma sai sun biya ɓarayin daji kafin a bar su su girbe abin da suka shuka. Yaran da tamowa ta kama, a asibitocin Shinkafi da Zurmi ƙungiyar likitoci ta MSF ke jinyar da yawa daga cikinsu. An kafa ta a Faransa a 1971, kuma mafi yawan kuɗinta daga talakawan masu ba da gudummawa yake fitowa, mutanen da ba za su iya nuna Zamfara a taswira ba. Sun bayar ne don sun yarda da lissafin.

Bayan ƙaddamar da shari'a a Gusau a 1999, jihar Zamfara ta kafa Hukumar Zakka da Waƙafi. Hanya ce mai kyau, amma manomi ya fi yarda da idonsa, kuma ba zai saki daminsa ga ofis ba sai ya ga a rubuce inda na bara ya tafi.

Ba na jin akwai abin da za mu aro a nan wanda ba namu ba ne tun fil azal. Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibar, ba a sayarwa ba a gado, amfaninta na mabukata. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a. Musulmin Birmingham sun gane wannan: a 1984 wani likita ɗan Masar, Hany El-Banna, ya kafa Islamic Relief a garin nan da abokansa, ga ta yau tana aiki a ƙasashe da dama. Mu kuwa attajiri zai gina masallaci ya haƙa burtsatse, Allah ya saka masa, amma ran da ya rasu famfo ya lalace babu mai gyara, don bai bar shago ko gonar da za ta riƙe aikin ba.

'Yan Kaura da ke Kano da Abuja da ƙasashen waje muna tara kuɗi a WhatsApp duk sadda wani abu ya faru, a kashe a cikin mako. Da wani kaso na wannan kuɗi za a iya sayen rumfuna a kasuwar Kaura a mai da su waƙafi, a damƙa wa amintattu uku, liman ya ba da sunayen marayu a asirce yadda aka saba, a kuma karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a bayan sallar Juma'ar farko ta kowane wata.