Kalmomin da na tsinta a bakin bututu

Ina kakkaɓe tsofaffin takardu na ci karo da wani ɗan littafin aljihu mai jan bango, gefensa duk tabon ƙasa. A cikinsa nake rubuta kalmomin Ibrananci shekarar da aka tura mu koyon ban ruwa na ɗigo a wata gonar haɗin gwiwa kusa da Biyasheba, cikin hamadar Negeb. Darasi da Turanci ake yi mana. Ibranancin kuwa a bakin aiki na tsince shi, wurin wani dattijo mai gyaran bututu, haifaffen Bagadaza, wanda iyayensa suka yi ƙaura da shi a 1951 yana yaro. Baba nake ce masa. Larabcinsa na kasuwa ne, nawa na zaure, amma muna fahimtar juna.

Kalmar farko a littafin ita ce lehem. A ɗakin cin abinci ya miƙo mini burodi ya faɗe ta. Na ce, "Baba, ai laham nama ne." Ya gutsuri burodin ya ce kalmar ɗaya ce, makiyayi ya ba wa nama, manomi ya ba wa gurasa, kowa abin da ke riƙe masa ciki. Shi ya sa garin da muke kira Baitalami gidan burodi ne a bakin Bayahude, gidan nama a bakin Balarabe.

Daga nan kunnena ya buɗe. Bayit gida, yom yini, laila dare, kelev kare: duk wanda ya zauna gaban malami ya san 'yan uwansu. Yara na gudu suna kiran abba da ima, kalmomin da suka shigo daga Aramaik, sai in ji kamar ina wani lungu a Kano. Shabbat ɗinsu ita ce Asabar ɗinmu. Harufansu 22 ma jerin abajada suke bi, daga dama zuwa hagu kamar allo.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka yi wa sababbin abubuwa suna. Harshen ya yi ɗaruruwan shekaru a littafi da wurin ibada, ba a cefane da shi, sai da Eliezer Ben-Yehuda ya iso Falasɗinu a 1881 ya dage sai an yi magana da shi a gida. Shi ya ƙera milon, ƙamus, daga mila, kalma. Agogo aka ce sha'on, daga sha'a, wato sa'armu. Kwamfuta mahshev ce, daga tushen da ya haifi hisabi, wanda mu muka mai da lissafi. A ganina wannan ya fi kwasar aro a gaggauce, ko da yake samarinsu ba sa jumla uku ba su ce yalla ko sababa ba, Larabci tsagwaronsa.

Akwai kuma waɗanda ba ta hanyar Larabci suka haɗa mu ba. Wata safiya muna bin layin barkono, ya nuna wani tsiro da ramin ɗigonsa ya toshe, ya ce met. Na ce ya mutu. Muka tsaya muna kallon juna. Ranar da muka fara haɗuwa, "ma shimkha" ya tambaye ni, wato me sunanka, har da wannan ka ɗin na ƙarshe. Sai bayan na dawo gida na karanta cewa Hausa da Ibrananci da Larabci zuriya ɗaya ce mai nisa, wadda masana ke kira Afro-Asiya.

Ranar sallama ya karɓi littafin, ya tambaye ni yadda muke kiran mayim. Na ce ruwa. Ya maimaita sau uku, ra ɗin na maƙale masa, sannan ya jingina da wani tanki ya rubuta ta da harufansu a shafin ƙarshe. Biron ya ɗan zame saboda hannunsa a jiƙe yake, tawadar ta bazu, amma har yau tana karantuwa.