Hawainiya A Cikin Kwali

'Yan uwana mata, da damina yaranmu na Tarauni kan tsinto hawainiya su ɓoye ta a kwali. In ta yi baƙi ƙirin sai a ce mugun abu ce, alhali sanyi ne ko firgici. Lafiyayya in ta sha hantsi takan koma koriya. Farin da ke ɓarewa a jikinta saɓa ce kawai. Abin tsoro shi ne baƙin tabon da ba ya gushewa, galibi ƙuna ce ko rauni. Ba kasafai take shan ruwa a kwano ba, sai ɗigon da ke kan ganye, shi ya sa ƙishirwa ke sa idonta ya faɗa. Tana buƙatar reshe, iska, rana da ƙwari masu rai. Wanne kwali zai ba ta?

Ni da nake karantar da hadisin matar da ta tsare kyanwa, da na ga ta ɗan ƙanwata a Gyaɗi-Gyaɗi, ido a rufe da rana tsaka, ban iya kau da kai ba. Muka yayyafa wa bishiyar lemo ruwa, muka ɗora ta. Yaron ya yini bai kula ni ba.