Kwana Goma Sha Biyu Da Suka Cinye Shekara Tara

Ɗan ƙanin mahaifina ne, amma a gidanmu ya tashi, saboda haka ƙanena nake ce masa. Ya shiga aikin soja a 2012, ya yi horo a Zariya, aka tura shi Arewa maso Gabas a shekarun da duk wanda aka tura can sai danginsa su shiga saukar Alƙur'ani. Ya yi shekara tara cikin kaki. Akwai guntun ƙarfe a cinyarsa ta hagu har yau, wanda likitoci suka ce barinsa ya fi cire shi sauƙi. Idan sanyin hunturu ya sauko, da ɗingishi yake zuwa masallaci.

A watan Satumba na 2021 'yan bindiga suka shiga ƙauyenmu a ƙaramar hukumar Faskari, suka tafi da mutane, cikinsu har da ƙanwarsa mai shayarwa. Ya nemi izinin zuwa gida, aka ba shi kwana bakwai. Mai karatu da ya san yankin zai tuna irin watan da ake ciki. A lokacin ne aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, kuma gwamnati ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Cinikin fansa da a da ake yi ta waya ya koma sai an aika ɗan saƙo cikin daji, a jira shi kwana biyu ko uku. Aka sayar da gona, aka sayar da shanun noma, kuɗi bai cika ba. Kwana bakwai suka wuce yarinya tana hannunsu. Ya zauna. Ranar da aka sako ta ya kwana a gida, washegari ya kama hanyar bariki da ƙafarsa, ba wanda ya kamo shi. Ya ƙara kwana goma sha biyu a kan izininsa.

An gurfanar da shi gaban kwamandansa, irin shari'ar nan ta taƙaice da Dokar Rundunonin Soja ta ba kwamanda ikon yi wa ƙananan sojoji ba sai an kafa kotun soja ba. Aka karanta laifi, ya amsa, aka kore shi. Ya ce mini zaman bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba.

Ba zan ce ƙanena bai yi laifi ba, shi ma bai taɓa cewa haka ba. Zai iya hawa mota zuwa Zariya ya sami layin waya ya roƙi ƙarin kwanaki, bai yi ba, don yana tsoron a ce masa a'a alhali ya san ba zai iya tafiya ba. Kuma na fahimci hujjar masu tsanani. Sojan da bai dawo kan lokaci ba ya bar gurbi a ramin tsaro, wani ne zai yi gadin dare biyu a madadinsa, kuma idan kowa ya auna uzurinsa da kansa to babu sauran runduna. Wani tsohon hafsa da nake girmamawa ya taɓa ce mini kusan kowane soja daga Katsina ko Zamfara yana da ɗan'uwa a hannun ɓarayin daji ko a kabari, idan aka buɗe wannan ƙofa wa zai rage? Ban sami amsar da zan ba shi a ranar ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne girman abin da kalmar “kora” take ɗauke da shi. Wanda aka sallama ko aka yi wa ritaya yana fita da takarda mai mutunci da haƙƙoƙinsa na ƙarshen aiki. Wanda aka kora yana fita hannu rabbana: babu garatuti, babu fansho, kuma duk fom ɗin neman aikin gwamnati da ya ɗauka zai tarar da tambayar ko an taɓa korarsa daga aiki. Takardar ba ta bambanta wanda ya makara saboda ƙanwarsa da wanda ya sayar wa maƙiyi harsashi. A jami'a, inda nake koyarwa, muna da dakatarwa ta zango ɗaya, da ta shekara, da kora baki ɗaya, kuma ɗalibin da aka kora yana da kwamitin da zai kai kukansa. Na zauna a irin wannan kwamiti. Na ga yadda hukuncin da aka yanke cikin fushin mako ɗaya yake sauya kama idan aka sake karanta fayil bayan wata shida, ba tare da an ce waɗanda suka yanke shi sun yi zalunci ba.

Nijeriya ta san wannan aiki, ta kuma yi shi a kan laifuffukan da suka ninka na ƙanena. A shekarar 2000 Shugaba Olusegun Obasanjo ya mayar da korar sojoji da 'yan sandan da suka yi wa Biyafara aiki a yaƙin basasar 1967 zuwa 1970 ta koma ritaya, abin da ya buɗe musu ƙofar fansho. Mutanen da suka ɗaga makami a kan tutar ƙasa ke nan, kuma ina ganin daidai aka yi. A watan Satumba na 2015, bayan Janar Tukur Buratai ya karɓi ragamar sojan ƙasa, wani kwamiti ya sake duba shari'o'in sojoji kimanin 5,000 da aka hukunta a yaƙi da Boko Haram, aka mayar da 3,032 bakin aiki. Mutum ya tsaya ya yi lissafi: fiye da rabi. A Disambar shekarar aka sassauta hukuncin kisa da kotunan soja suka yanke wa sojoji 66 ya koma ɗaurin shekara goma. Rundunar ba ta rushe ba don ta sake duba hukuncinta.

Sai dai duk waɗannan rahama ce ta lokaci guda. Ta zo ne don gwamnati ta sauya, ko don jaridu sun yi ca, ko don lauyoyi irin su Femi Falana sun tsaya wa waɗanda aka yanke wa kisa. Kurtu guda ɗaya daga Faskari ba shi da gayya, ba shi da lauya. Doka ta ba soja damar kai koke ta hannun shugabanninsa, amma wanda aka raka har bakin ƙofar bariki da jakarsa a ka, ta wace ƙofa zai koma ya miƙa takarda, kuma wa ya gaya masa yana da wannan dama? Kotu kuwa sai mai kuɗin zirga-zirga na shekaru.

A Amurka tun 1944 kowane ɓangare na soja yake da hukuma ta dindindin mai sake duba takardar sallama. Tsohon soja yana da shekara 15 daga ranar fitarsa ya nemi a ɗaga matsayin takardarsa, a dubi tsawon aikinsa, da girman laifin, da halin da yake ciki lokacin da ya aikata. A 2014 sakataren tsaronsu Chuck Hagel ya ba da umarni a riƙa sassautawa ga waɗanda firgicin yaƙi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Ba duk mai nema yake samu ba, kuma ba a mayar da mutum aiki. Takarda ce ake gyarawa. Irin wannan zaure nake so a gina mana: zama a lokaci sananne, fom da kofur zai iya cikewa da kansa, hafsoshi da lauya da likita, da ikon mayar da kora ta koma sallama idan laifin ƙarami ne kuma shekarun aiki sun yi shaida. Wannan ce amsar da ya kamata in ba tsohon hafsan nan. Kwamanda ya yanke hukuncinsa a fagen daga yadda ya ga dama ta tsare horo, wasu kuma su sake aunawa daga baya cikin natsuwa.

Akwai wani ɓangare da mu 'yan kudancin Katsina ba mu cika son faɗa da ƙarfi ba. Yankin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020 ba wurin da za a riƙa zubar da ƙwararrun masu harbi ba ne cikin talauci da kunya. Bara ƙanena yana sayar da hatsi a kasuwar Sabuwa wani mutum da bai sani ba ya tsuguna kusa da buhunsa, ya jima yana wasa da masara a tafin hannu, sannan ya tambaye shi ko gaskiya ne ya iya gyaran bindiga, ya ce kuɗin aiki ba abin damuwa ba ne. Ƙanena ya ce masa ya yi kuskuren mutum. Ya kwashe mako uku bai koma kasuwar ba. Da gwamnatin Dikko Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, aikin da ya fi kowa a ƙauyenmu cancanta da shi, ko fom bai karɓa ba. Ya ce ba zai iya tsayawa gaban yaran da ya girma a tambaye shi dalilin barinsa soja ba.

Da hutun ƙaramar salla na zaunar da shi muka rubuta takardar roƙo zuwa ga hukumomin da abin ya shafa. Ba ya neman komawa aiki, ƙafar ma ba za ta bari ba. Muka haɗa da takardar asibiti, da wasiƙar mai unguwa mai tabbatar da sace ƙanwarsa, da hoton lambar yabon da aka ba su a Arewa maso Gabas. Ni na tsara, da irin Turancin da muke taƙama da shi, kuma a sakin layi na biyu na rubuta cewa ya makara da “kimanin kwana goma”. Da na fassara masa sai ya ɗaga hannu.

“Yaya, goma sha biyu ne. A gyara.”

Na ce masa ba wanda zai ƙirga. Ya ce shi ya ƙirga. Na gyara, ya sa hannu, ya rubuta lambarsa ta soja a ƙarƙashin sunansa ba tare da ya duba ko'ina ba.